Na Ɗora Saurayina Kan Injin Jijjiga

Masu karatu, na san akwai waɗanda tun kafin su kai ƙarshen wannan rubutu za su fara gyara yatsu don su zage ni a ƙasa. Ku ɗan dakata, Yayata ta riga ku, kuma ba ta rage muku komai ba. Abin da nake roƙo kawai ku ji yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Ni injiniya ce. A gidanmu wannan sunan tsokana ne. In fanka ta fara kuka, "Injiniya!" In hannun tukunya ya cire, "Injiniya!" Umma har yau in ƙawayenta suka tambaye ta aikin da nake yi, sai ta ce, "Noti take ɗaurewa," ta yi maza ta sauya magana. Gaskiyar ita ce ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfani mai ƙera firam ɗin ƙarfe, irin wanda ake ɗora wa manyan janareto da injinan ruwa. Aikina shi ne in faɗi yadda ƙarfen zai yi jijjiga tun kafin a kunna injin da ke kansa. Wato duba nake yi, sai dai da kwamfuta, kuma ba wanda ya taɓa yi mini wa'azi a kai.

In ƙarfe guda ne, ko an haɗa shi da walda, duban nan ba wuya. Rigimar tana wurin da aka haɗa ƙarfe biyu aka ɗaure da noti. Muna da wata 'yar guduma mai kan roba. In ka ɗan ƙwanƙwasa firam da ita, mahaɗar tana nan daram, layin da kwamfuta ta yi hasashe da layin da muka auna su hau kan juna, har ka ji kai ma wani ne. Sai a ɗora firam ɗin nan dai a kan injin jijjiga, a ƙara ƙarfi. A nan ne gefen ƙarafan biyu, can nesa da notin, zai fara zamewa kaɗan-kaɗan yadda ido ba ya gani. Mahaɗar ta sassauta, muryar ƙarfen ta yi ƙasa, gogayyar ta shanye wani abu daga jijjigar. Ka ninka ƙarfi, amsar ta ƙi ninkuwa. Wani lokaci kana murza maɓalli a hankali, komai lafiya lau, sai layin ya daka tsalle zuwa inda ba ka taɓa zato ba, kwamfuta ta bar ka da kunya.

Ogana, wani mai sanƙo da kullum gilashinsa ke goshi yana nemansa a aljihu, yana da magana ɗaya da yake maimaitawa. "Ƙaramin bugu ƙarya yake miki, Injiniya. In kina son sanin halin mahaɗa, girgiza ta."

Bawan Allah ƙarfe yake nufi. Ni ce na kwaso maganar na kawo ta gida.

Wanda yake nemana mai kantin magani ne. Kantinsa yana kusurwar titi, daura da ƙofar asibiti, wurin da duk masu sana'ar suke haɗiyar yawu a kai. Da kanta ɗaya ya fara, ya yi shekaru yana kwana da lissafin wurin yana tashi da shi, har ya kai ga firji da gilashi da allon suna mai haske. Can muka haɗu, ranar da sifanar ɗaure noti ta zame ta yanke ni a yatsa na shiga sayen filasta. Mutum ne matsakaici, riga kullum a goge, biro a aljihu, ƙamshin sabulun wanke hannu ba ya barinsa. Yaya ce ta raɗa masa suna Malam Ba Komai, sunan kuwa ya bi shi.

In na manta ban kira shi ba, ba komai. In na soke zuwansa yana bakin ƙofa, ba komai. Ranar da na juye masa shayi a farin wando, shi ya riƙa ba ni haƙuri wai ƙafarsa ce ta tare hanya. Umma ta ɗauke shi ta sa a zuciya, musamman da ya gano mata maganin ciwon gwiwa da ya karɓe ta. Tun daga lokacin ba ni da sakat.

"Wai me kike jira?" in ji ta, tana ninke kayan wanki a kan gadona. "Mala'ika?"

"Umma, ina nazari ne."

"Nazari. Shi ma notin ne da za ki kai shi wurin aiki ki auna?"

Da ta san abin da ta faɗa, da ta mayar da maganar cikinta.

Abba ba mai yawan magana ba ne. Wata safiya ina ɗaura igiyar takalmin aiki ya rage muryar rediyo ya ce, "Yaron nan ya ce iyayensa suna son zuwa mu yi magana. Ki ba ni amsa kafin wata ya ƙare. Ba na son a ja wa ɗan mutane rai."

Kada ku ɗauka ba na son sa. Ina son sa, so irin wanda in wayata ta yi ƙara nake fatan shi ne. Tsoro nake ji. Duk abin da na sani game da shi da ƙaramar guduma na san shi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba, ban taɓa jin muryarsa ta sauya ba. Aure kuwa, yadda nake gani a gidajen mutane, ba ƙwanƙwasawa ba ne. Na kai wa Yaya kukana ranar da ta zo gida da 'ya'yanta, muna ɗaki tana cire ɗan kunne.

"Tsaya in gane," ta ce. "Matsalarki ita ce mutumin ba ya fushi?"

"Ban san yadda zai yi ba ne in abu ya yi tsanani. Ba ni da bayanai."

"Bayanai! Ni da na samu mai fushin, kin ga ina rawa a titi? Zo in ara miki shi mako guda, ki kwashi bayanai har ki raba wa maƙwabta."

"Yaya, mahaɗar da ba ta taɓa zamewa ba, ba a san inda za ta karye ba."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Miƙo mini man shafawa."

Sai na tsara gwaji, yadda aka koya mini: a fara da ƙaramin ƙarfi, a riƙa ƙarawa.

Da farko na shanya shi a falo tare da Abba, ya saurari labaran rediyo daga farko har sharhin bayan labarai, ni ina ɗaki ina kallon silin. Da ya tafi saƙo ya shigo: "Na ji daɗin hira da Abba. Ki huta lafiya." Na ƙara ƙarfi. Ranar da ya kawo babbar yayarsa ta gan ni, na fito da shuɗiyar rigar aiki, baƙin mai a gwiwar hannu, takalmi mai kan ƙarfe. Umma ta kusa sumewa a bayan labule. Matar ta dube ni sama da ƙasa ta sha lemonta. Saƙonsa da yamma: "Yayata ta ce da gani kina da himma." Na sake ƙarawa. Akwai wani abokin aikina da muke kira Dogo, na shiga yabonsa a kowace hira: Dogo ƙwaƙwalwa, Dogo ya iya lissafi, Dogo ya ce kaza. Mutumin nan ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Ranar da na zo ɗaukarki na ga yana yawan dafe ciki. Ki ce ya biyo ta kanti, kada gyambon ciki ne."

Na kwanta a gado na danne fuska da matashi na yi ihu. Layin yana nan a miƙe, ko alamar lanƙwasa babu.

Ana cikin haka kamfaninmu ya buɗe sabuwar masana'anta a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ana neman wanda zai riƙe ɗakin gwajin can. Oga ya kira ni ofis ya ce ni ya fara tunawa. Ko zama ban yi ba na ce a'a, na gode. Aka ba Dogo, ya karɓa da murna. Ban gaya wa kowa a gida ba, don a wurina magana ta wuce. Sai da nake hanyar komawa gida, ina zaune a bayan mota, shaiɗan ya matso kusa ya ce mini, ga babban injin jijjiga nan kin samu kyauta.

Na rubuta saƙon na goge, na sake rubutawa, har ya fito yadda nake so: "Na karɓi aikin sabuwar masana'anta. Aƙalla shekara biyu zan yi can. Na riga na sa hannu."

Hasashena a shirye yake. Ko dai ya fusata ya ce bai yarda ba, ko ya zo ya yi ta roƙona. Ko wanne ya faru na ga inda yake zamewa, sai in sunkuyar da kai in ce na fasa saboda shi, in ci riba biyu: na samu bayanai, na kuma zama mai sadaukarwa. Har kayan da zan sa ranar sulhu na ware.

Alamar ya karanta ta fito. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Gabana yana dukan uku-uku, amma don daɗi.

"Yaushe za ki tafi?"

"Farkon wata."

"To. Allah ya sa albarka."

Daga ranar ya sauya. Saƙon safe da ya saba cikawa da addu'a da tambayar ko na karya kumallo ya koma "Ina kwana" kawai. In na kira sai ya ce yana cikin hidima, zai neme ni. Bai zo hira ba. Wata rana motar da na hau ta bi ta gaban kantinsa, na hango kwalaye jibge a waje, na ce a raina, ji shi, ya huce haushinsa a kan sarin sabbin kaya. Na kira Yaya ina tsalle.

"Ya fara zamewa! Fushi yake yi, Yaya, fushi na gaske!"

"Kina murna saurayinki ya daina kula ki. Kanki ɗaya kuwa?"

"Ba za ki gane ba, kimiyya ce."

"Kimiyyar nan dai ki tabbata tana da ɗakin da za ta ajiye ki."

Ranar Asabar da safe saƙonsa ya shigo: "Zan zo da yamma in ga Abba." Na ce madalla, ƙara zai kawo. Na ɗauko kayan sulhu: doguwar riga ruwan zuma mai ɗinki a wuya, mayafi mai laushi da ya dace da ita, siririyar sarƙa, ɗan kwalli kaɗan don idanu su nuna nadama. Na tsaya gaban madubi na gwada fuskar mai sadaukarwa har ta zauna. Umma ta gan ni ta yi hamdala, ta ɗauka amsar Abba ce ta iso.

Da ya zo na haɗa tire, kofuna da ruwan sanyi da biskit, na laɓe a bayan labulen falo. Ta gefen labulen na hango shi a ƙasa kan kafet kamar kullum. Ya rame kaɗan, rigar ma yau ba guga. Bayan gaisuwa ya gyara zama.

"Abba, na zo ne in sanar da kai shirin da na yi, kada ka ji a bakin wani. Tunda aikin nan nata ya taso, na yi tunani sosai. Ban ga dalilin da zan sa ta zaɓa tsakanina da abin da ta sha wahala a kai ba. Ni sana'ata ko'ina akwai marasa lafiya. Na mayar wa mai ginin makullinsa, dama akwai wanda ya daɗe yana nema, har sun gama magana. Magungunan na saki wa wani abokina, firjin da kantoci na sayar. Na je garin na dawo, na ga wani ɗan wuri, bai kai wannan ba, amma za a fara. In kun amince, a yi abin da za a yi, mu tafi tare."

Kofunan suka fara kaɗawa a kan tiren. Na ajiye shi a ƙasa don kada su tona ni. Na zaro waya na rubuta wa Oga: "Ranka ya daɗe, gurbin nan na sabuwar masana'anta yana nan?"

Mutumin da ke yini bai duba waya ba, ranar nan take ya amsa: "Dogo har ya kama gida can. Lafiya?"

Sai muryar Abba, a natse, irin natsuwar da muka fi tsoro a gidan. "Injiniya. Na ga ƙafarki a ƙasan labule. Shigo."

Na shiga na durƙusa a gefen kujera, ni da rigar sulhuna.

"Wane aiki ne kika sa wa hannu ban sani ba?"

Kafin in buɗe baki, bawan Allahn nan ya riga ni. Ya ɗauka ban samu damar gaya musu ba ne, ya shiga kare ni. "Abba, laifina ne, na yi azarɓaɓi. Na san tana neman lokacin da ya dace ne ta gaya maka. Don Allah kada ka ga laifinta."

Wannan ita ta gama da ni. Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa.

"Babu aikin," na ce. Muryata da ƙyar ta fito.

"Ɗaga murya," in ji Abba.

"Babu aikin, Abba. An yi mini tayi, ban karɓa ba. An ba wani."

Umma, wadda ashe ta karɓi wurina a bayan labule, ta banko shi tana salati. "To saƙon mene ne kika tura wa ɗan mutane?"

"Gwaji ne, Umma."

"Gwajin me?"

"Ina so in ga... yadda zai yi in ransa ya ɓaci."

"Innalillahi. Yarinyar nan notin kanki ne ya kwance? Shi ne ba ki ɗaure ba, kike ɗaure na kamfani?"

Abba ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ni kuwa kafet nake kallo, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Da mai kantin ya yi magana, ba da Abba ya yi ba, da ni ya yi, a gaban iyayena, abin da bai taɓa yi ba.

"Ba ki karɓa ba?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka yi mini maganar. A tsaye na ƙi."

"Me ya sa kika ƙi?"

Na ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma fuskar tana nan yadda na san ta. Gaskiya ce kaɗai ta rage mini, ita ma ta zo a makare.

"Saboda kai. Ba na son in yi nisa da kai."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya shafa kansa. "Kin ƙi tafiya saboda ni. Ni kuma na tashi saboda ke." Ya jinjina kai. "Wanda ya karɓi kantin har ya fara fenti."

Ya juya ya yi wa Abba sallama da ladabinsa, ya yi wa Umma, har da tambayarta gwiwa. Umma ta rufe fuska da gefen mayafi. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, bai waiwayo ba ya ce, "Gwajin ya ƙare, ko da saura? Don in sani."

"Ya ƙare," na ce, hawaye suna wanke kwallin nadamar da na sa.

"To."

Muka ji ƙarar ƙofar gida, a hankali ya ja ta.

Masu karatu, na samu bayanaina, cikakku. Na san yanzu abin da mutumin nan yake yi in an girgiza shi da ƙarfi: ɗaukar duk abin da ya mallaka yake yi ya bi ki. Ba a cikin hasashena ko ɗaya wannan ya fito ba. A wurin aiki in muka wuce gona da iri muka lalata firam, sai a aika sito a ɗauko wani, Oga ya yi faɗa, a wuce wurin. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko wannan yana da na biyu a sito. Ban taɓa son sa kamar yammacin nan ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Na rarrafa gaban Abba na ce, "Abba, amsar da ka ce in ba ka. Na amince."

Ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki rediyonsa.

"Ajiye ta," ya ce. "Yanzu ba taki nake jira ba."

Na tura saƙonni, ya karanta, bai amsa ba. Yaya ta zo ta yi mini wankin babban bargo, ta gaji, ta zauna ta taya ni kuka. Ranar Litinin na sa rigar aiki na fita, amma na ce wa mai motar ya bi ta titin asibiti. Tun daga nesa na hango kusurwar ta sauya launi. An jingina tsani a bango, wani mutum a sama yana kwance allon sunan, wani a ƙasa yana jiran ya karɓa. A tsallaken titi, jikin katangar asibiti, ga shi nan tsaye, hannuwa a baya, yana kallon su.

"Tsaya a nan," na ce wa mai motar.

"Hajiya, ba nan kika ce ba."

"Na sani. Tsaya."

Na sauka. Motoci suna wucewa tsakanina da shi. Ya juyo ya gan ni, da shuɗiyar rigata da takalmina mai kan ƙarfe. Bai ɗaga mini hannu ba. Amma bai tafi ba, sai na fara tsallakawa.